Gorar Tsaunukan Afirka, Oldeania alpina: Siffarta, Mazauninta da Tarihin Sunanta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan wata gora da ke fitowa a kan manyan tsaunukan Afirka, wadda masana tsirrai suka kira da sunaye huɗu tsakanin 1895 da 2013. An dubi matsayinta a cikin dangin ciyayi, da siffar karanta da furenta, da wuraren da take rayuwa. Daga nan aka bi sawun sunayen nata, aka nuna cewa kowane sauyi ya biyo bayan sauyin hujjar da masana suka fi dogara da ita: da farko fure, sannan karan da ke ƙarƙashin ƙasa, daga bisani ƙwayoyin gado. A ƙarshe an bambanta ta da gorar da Bahaushe ya sani da kuma gwangwala, aka ba da shawarar sunan da ya dace da ita a rubutun kimiyya da Hausa.

1.0 Gabatarwa

Wanda ya hau Dutsen Kenya ta ɓangarensa mai yawan ruwan sama zai fara ratsa kurmi mai dogayen itatuwa. Idan ya kai tsayin kusan mita 2,500 daga teku, sai itatuwan su fara ja da baya, ya tsinci kansa a cikin wani daji na kara zalla, dogaye, ƙut da ƙut, wanda ba a iya ketawa sai ta turbar da giwaye da ɓauna suka buɗe. Wannan ita ce gorar da maƙalar nan ta ƙuduri yin bayani a kanta.

Mai neman saninta a littattafai zai gamu da matsala tun a matakin farko. Tsofaffin littattafan gandun daji na Gabashin Afirka suna kiran ta Arundinaria alpina. Wasu rubuce-rubucen sun ce Sinarundinaria alpina, rahotanni da yawa daga Habasha da Kenya kuma suna cewa Yushania alpina, alhali manyan kundayen sunayen tsirrai na yanzu sun tsaya a kan Oldeania alpina. Ɗalibin da bai san tarihin ba zai ɗauka tsirrai huɗu ne, bayan kuwa ɗaya ce. Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin matsala, domin da zarar ya ce gora, mai karatu zai tuna da wadda ake yin sanda da ita, kuma wannan wata ce daban.

Domin sauƙin bayani, an yi amfani da kalmomi biyar a matsayin matakan rabe-raben tsirrai, daga babba zuwa ƙarami: dangi, ƙaramin dangi, zuriya, jinsi, nau'i. A tsarin da Linnaeus ya kafa a 1753, sunan kowane tsiro kalmomi biyu ne. Ta farko sunan jinsi ce, ta biyu kuma ita ke ware nau'in daga sauran 'yan jinsinsa.

2.0 Matsayin Gora a Cikin Tsirrai

Duk tsayinta da taurinta, gora ciyawa ce. Tana cikin dangin Poaceae tare da gero da dawa da shinkafa da masara da rake da gamba. Wanda ya san karan dawa ya san tsarin jikinta: kara mai gaɓoɓi, ganye mai jijiyoyi a jere wanda gindinsa ya naɗe karan, da furanni ƙanana marasa ado waɗanda iska ke kwashe bununinsu. Ba ta da ɓawo irin na itace, kuma karanta ba ya ƙara kauri shekara bayan shekara.

A cikin wannan dangi, gora ta mallaki ƙaramin dangin Bambusoideae mai nau'uka fiye da 1,500. Masana sun raba shi zuriya uku. Ta farko ita ce Olyreae, ƙananan tsirrai masu taushin kara da ke zaune a inuwar kurmi, galibinsu a Amurka ta Kudu da ta Tsakiya. Ta biyu ita ce Bambuseae, gorori masu taurin kara na ƙasashe masu zafi. Ta uku ita ce Arundinarieae, gorori masu taurin kara na wurare masu sanyi, waɗanda cibiyarsu ke ƙasar Sin da Japan da tsaunukan Himalaya.

Abin lura shi ne, Oldeania alpina tana fitowa a kan layin da ya raba duniya biyu, amma zuriyarta ta uku ce, wato ta masu son sanyi. Tsayin dutse ne ya samar mata da sanyin da 'yan'uwanta ke samu a can arewa. Gorar da ake gani a dazuzzukan Afirka ta Yamma kuwa, Oxytenanthera abyssinica, 'yar zuriya ta biyu ce. Ke nan gorar tsaunin Kenya ta fi kusanci da gorar da dabbar fanda ke ci a ƙasar Sin fiye da maƙwabciyarta ta gangaren Habasha.

3.0 Siffar Tsiron

3.1 Karan Ƙasa

Rabin rayuwar gora a ɓoye yake. A ƙarƙashin ƙasa akwai wani kara mai gaɓoɓi, kwatankwacin na citta, wanda daga gare shi saiwoyi ke sauka, sababbin tsirrai kuma ke hudowa. Za a kira shi karan ƙasa a wannan maƙala. Masanin gora ɗan Amurka, F. A. McClure, ya yayata rabuwarsa gida biyu a littafinsa na 1966. Akwai siriri mai yaɗo, wanda ke miƙewa a kwance ba iyaka yana fitar da karare daga gefensa. Akwai kuma kakkaura, wanda kowane yankinsa ke lanƙwasawa sama ya zama kara ɗaya, sannan sabon yanki ya tsiro daga gindinsa.

Gora mai kakkauran karan ƙasa takan tashi a dunƙule, gindi guda, kamar rake. Oldeania alpina tana da irin wannan karan, amma da wani bambanci: tsakanin tsohon yanki da sabo akwai dogon wuya. Saboda haka kararenta ba sa cunkushewa wuri ɗaya, sai su tsaya ɗai-ɗai a warwatse, su rufe gangaren dutse baki ɗaya. Wanda ya dube ta daga sama zai zaci mai yaɗo ce, sai an haƙa gindinta gaskiya ke bayyana. Wannan siffa ta taka muhimmiyar rawa a tarihin sunanta.

3.2 Kara da Rassa

A wuri mai kyau karanta yakan kai kusan mita 20, kaurinsa kuma daga santimita 5 zuwa 12. A can ƙurewar tsayin da take iya rayuwa, inda sanyi ya tsananta, ba ta wuce 'yan mitoci kaɗan. Cikin karan rami ne, sai dai a kowace gaɓa akwai shamaki da ya toshe shi. Sabon tsiro yakan hudo da damina da kaurin da zai rayu da shi har ƙarshe, yana sanye da kube a kowace gaɓa, mai gashi a bayansa. Cikin 'yan watanni yake kai iyakar tsayinsa, kuben ya zube, rassa su fito. Bayan haka ba ya ƙara tsawo, sai dai ya yi ta tauri, launinsa ya juya daga kore zuwa ɗorawa.

Akwai alamu uku da ke jikin karan waɗanda masana suka daɗe ba su ba su muhimmanci ba. Na farko, akwai kwari a jikin karan, wanda ya tashi daga inda rassa suka fito ya yi sama. Na biyu, akwai tudu da ya zagaye karan a saman kowace gaɓa. Na uku, gaɓoɓin ƙasa sukan fitar da gajerun saiwoyi masu tauri kamar ƙaya. Rassan kowace gaɓa kuma ba su da yawa, kuma sukan bazu kusan a kwance.

3.3 Fure da Mutuwa

Furenta buɗaɗɗiyar zangarniya ce, kowane ƙaramin fure yana da sandunan bununi uku. Ba ta yin fure kowace shekara. Takan shafe shekaru masu yawa, a wasu tsaunukan Kenya har kusan 40, sannan wani yanki na dajin ya yi fure a lokaci guda, ya zubar da iri, kararen su bushe su mutu. Ba dukan dutsen ke yi tare ba, sai dai fage-fage. A tsaunukan Aberdare, filin da gora ta mutu yakan cika da wani tsiro mai suna Sambucus africana kafin gorar ta sake mamaye shi.

Wannan ɗabi'a ita ce tushen wahalar rabe-raben gora. Ilimin rabe-raben tsirrai ya ginu ne a kan fure, ga shi kuma masani yana iya ƙare aikinsa bai taɓa ganin furen nau'in da yake nazari ba.

4.0 Mazauni da Muhimmanci

Ana samun ta galibi tsakanin mita 2,400 da 3,000, tana kuma haura haka a wasu wuraren. Tana son ƙasa mai zurfi ta aman wuta, da ruwan sama mai yawa, da hazo. Manyan dazuzzukanta suna tsaunukan Habasha, da Dutsen Kenya da Aberdare da Mau a Kenya, da Elgon a kan iyakar Kenya da Yuganda, da Ruwenzori da Virunga a yankin Yuganda da Ruwanda da Kwango. Akwai ta a Imatong na Sudan ta Kudu, da Dutsen Meru da tsaunukan kudancin Tanzaniya, har zuwa Malawi. Can yamma kuma, nesa da sauran, tana kan Dutsen Oku mai tsayin mita 3,011 a arewa maso yammacin Kamaru. Kowane tsauni ya zama tamkar tsibiri, ƙasa mai zafi ta raba shi da na gaba.

A tsarin da Olov Hedberg na Suwidin ya fitar a 1951, tsirran tsaunukan Gabashin Afirka sun jeru hawa uku: kurmin tsauni a ƙasa, dajin gajerun itatuwa a tsakiya, fili mai tsananin sanyi a ƙoli. Kalmar alpina tana nuni da hawan ƙoli, amma gorar ba ta kai can. Mazauninta sashen sama ne na hawan farko.

Kilimanjaro, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Afirka, ba shi da wannan ɗamara ta gora, alhali Meru da ke kusa da shi yana da ita. Andreas Hemp ya yi bayani a 2006 cewa gora na buƙatar abu biyu a haɗe: danshi, da manyan dabbobi masu karya itatuwa su buɗe mata fili. A Kilimanjaro, ɓangaren kudu mai ruwa ya rasa giwaye da ɓauna saboda kwazazzabai masu zurfi da gonakin da suka kewaye shi, ɓangaren arewa da dabbobin ke zuwa kuma ya yi bushewar da gora ba ta jurewa.

Rayuka da yawa sun rataya a kanta. Goggon birin tsauni na Virunga yakan sauko cikinta da damina domin cin sababbin tsirrai. Birin Bale na Habasha, wanda babu shi ko'ina sai can, fiye da kashi 70 cikin 100 na abincinsa daga wannan gora yake. Mutanen Sidama da Dorze na kudancin Habasha suna saƙa ɗakunansu da tsagaggen karanta. Bagisu na gindin Elgon suna busar da tsirranta a hayaƙi su yi abincin da suke kira malewa. Masu kiwon zuma na Oku suna haɗa amyarsu da ita. Dajinta kuma yana riƙe ƙasa da ruwa a inda manyan koguna ke farawa, shi ya sa sare shi domin noma yake shafar mutanen da ke nesa da dutsen.

5.0 Tarihin Sunanta

5.1 Arundinaria, 1895

Karl Schumann, Bajamushe mai aiki a gidan adana tsirrai na Berlin, shi ya fara siffanta ta a 1895 a cikin kundin da Adolf Engler ya shirya a kan tsirran Gabashin Afirka. Ya saka ta a jinsin Arundinaria, wanda André Michaux ya kafa a 1803 domin wata gora ta kudu maso gabashin Amurka. A wancan zamani kusan duk gorar wuri mai sanyi da ke da sandunan bununi uku, can ake tura ta. Jinsin ya zama rumbun da ya tara tsirran Amurka da Asiya da Afirka da Madagaska. Bisa ma'aunin zamaninsa Schumann bai yi kuskure ba, domin furen ya dace, kuma samfuran da matafiya ke kawowa Turai ba su cika haɗawa da karan ƙasa ba.

5.2 Yushania da Sinarundinaria

Da masana suka fara haƙa gindin gora, sai rumbun ya fara tsagewa. Arundinaria ta asali mai siririn kara ce mai yaɗo, ta Afirka kuwa kakkaura ce mai dogon wuya. A 1957 an kafa jinsin Yushania, daga sunan Dutsen Yushan na Taiwan, domin gororin tsauni masu irin wannan wuya da buɗaɗɗiyar zangarniya. A 1974 W. C. Lin ya mayar da gorar Afirka cikinsa.

A 1989 C. S. Chao da S. A. Renvoize suka sake nazarin nau'ukan Asiya da Afirka da aka taɓa kira Arundinaria, suka tattara da yawa daga ciki, har da wannan, a jinsin Sinarundinaria wanda Nakai ya kafa a 1935. Wannan suna bai daɗe ba. A ƙa'idar sanya wa tsirrai suna, kowane jinsi yana ɗaure da nau'i ɗaya da aka kafa shi a kansa. Nau'in da Sinarundinaria ke ɗaure da shi gora ce ta ƙasar Sin da ake shukawa a lambunan Turai, wadda aka siffanta ba tare da an ga furenta ba. Da ta yi fure a shekarun 1990, sai aka ga dunƙulalliyar zangarniya irin ta jinsin Fargesia, wanda aka kafa tun 1893. Tsohon suna shi ke rinjaye, don haka Sinarundinaria ya faɗi, aka koma kiran gorar Afirka Yushania alpina.

5.3 Oldeania, 2013

Hujja ta uku ta fito daga nazarin ƙwayoyin gado na DNA. Binciken da aka wallafa a 2010, musamman na Jimmy Triplett da Lynn Clark, ya nuna cewa zuriyar Arundinarieae ta rabu zuwa rassa da dama, waɗanda daga baya aka ƙirga goma sha biyu. Gorar tsaunukan Afirka ba ta faɗa reshen Yushania na Asiya ba, tana kan nata reshen. Haka ma gorar tsaunukan Drakensberg ta Afirka ta Kudu da Lesotho. Ashe dogon wuyan karan ƙasa siffa ce da ta bayyana fiye da sau ɗaya a tarihin zuriyar. Kama da wane ba ta wane.

A 2013 Chris Stapleton ya wallafa maƙala a mujallar PhytoKeys inda ya kafa sababbin jinsuna biyu: Bergbambos domin ta kudu, Oldeania domin ta tsaunukan tsakiyar nahiyar. Bai tsaya a sakamakon ɗakin gwaji kaɗai ba. Ya koma jikin tsiron ya nuna abin da ido ke iya gani, wato kwarin kara da tudun gaɓa da saiwoyi masu kama da ƙaya da ƙarancin rassa, waɗanda suka raba ta da Yushania. A 2017 wasu masanan suka shigar da gororin tsaunukan Madagaska cikin Oldeania, jinsin ya tashi daga mai nau'i ɗaya.

Cikakken sunan a yau shi ne Oldeania alpina (K.Schum.) Stapleton. Sunan da ke cikin baka na wanda ya fara siffanta nau'in ne, na waje kuma na wanda ya mayar da shi jinsinsa na yanzu. Kalmar alpina ba ta taɓa sauyawa ba a cikin sunayen huɗu. Jayayyar da ta sauya sunan jinsin a kan danginsa na kusa take. Sunan Oldeania kuwa an ciro shi ne daga oldeani, sunan da Masai ke kiran wannan gora, wanda kuma wani dutse a arewacin Tanzaniya ke amsawa. Sunaye ukun farko sun jingina ta da Latin da Taiwan da Sin, na huɗu ne ya fito daga bakin mutanen da ke zaune da ita.

6.0 Gora, Gwangwala da Gorar Tsauni

Wannan tarihi yana da darasi ga masu tsara ƙamus da kalmomin fannu na Hausa. Kalmar gora mai jam'i gorori, wadda karin sauti ya bambanta da gora mai jam'i goruna, J. M. Dalziel ya danganta ta da Oxytenanthera abyssinica a littafinsa na sunayen tsirrai na Hausa na 1916. Wannan gora ce ta ƙasa mai zafi, mai jure fari, mai tashi a dunƙule. Karanta sau da yawa a cike yake ko kuma raminsa ƙarami ne, abin da ya sa take yin sanda mai nauyi. Sandunan bununinta shida ne. Kusan a kowace siffa ta saɓa wa ta tsauni.

Gwangwala kuma ba gora ba ce sam. Ita ce ƙashin ganyen tukurwa, tsiron da ke dangi ɗaya da giginya da dabino da goriba. Ba ta da gaɓa, cikinta kuma totuwa ce. Ruɗanin yakan shigo ta hanyar fassara, domin a Turancin Nijeriya da Kamaru ana kiran su da kalma ɗaya.

Harsunan da ke da gororin biyu a ƙasarsu sun raba su da suna. Amhara suna kiran ta tsauni kerkeha, ta gangare kuma shimel. Ƙasar Hausa ba ta da tsaunin da ya kai inda Oldeania ke rayuwa, don haka ba a buƙaci suna na biyu ba sai yanzu da ake rubuta kimiyya da fassara labaran muhalli. Shawarar wannan maƙala ita ce a bar gora a matsayin sunan gama-gari na ƙaramin dangin, a ce gorar daji ga Oxytenanthera, gorar tsauni ga Oldeania, a kuma haɗa da sunan kimiyya a ambato na farko. Batun ya wuce gyaran lafazi. Rahoton da ya yaba gorar Habasha wajen hana zaizayar ƙasa, idan aka fassara shi ba tare da tantance wacce ake nufi ba, zai iya sa a nemo irin da ba zai rayu a zafin Kano ko Damagaram ba.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Oldeania alpina ciyawa ce ta zuriyar gororin wurare masu sanyi, mai kakkauran karan ƙasa mai dogon wuya, wadda ke zaune a sashen sama na kurmin tsaunukan Afirka daga Habasha zuwa Malawi da Kamaru. Sunayenta huɗu sun tafi tare da hujjojin da aka samu a zamaninsu. Fure ya kai ta Arundinaria, karan ƙasa ya kai ta Yushania da Sinarundinaria, ƙwayoyin gado tare da sake duban kara suka ba ta jinsi nata na kanta. Mai nazari yana buƙatar sanin dukan sunayen domin ya iya bin rubuce-rubucen fiye da shekaru ɗari. Mai rubutu da Hausa kuma yana buƙatar raba ta da gorar daji da gwangwala, kuma irin wannan tantancewa tana jiran sauran sunayen tsirrai na Hausa da ke rufe nau'uka fiye da ɗaya.